Yadda ake jinyar wanda aka yi wa aikin bawul ɗin zuciya bayan ya dawo gida

Daren farko da muka kwana ɗaki ɗaya da ƙanwata bayan an sallamo ta, tashi na yi ina laluben agogo a ƙarƙashin matashi. An ɗauke kuran, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit, amma wani abu na ta bugawa kyat, kyat, kyat, bai fasa ba. Sai na ji muryarta cikin duhu: "Yaya, kwanta abinki, ni ce." Bawul ɗin ƙarfen da aka sa mata ne ke aikinsa.

Shekararta 27 a lokacin. Ciwon ya samo asali tun tana 'yar makarantar firamare, daga ciwon maƙogwaron da ƙwayar cutar sitireptokok ke kawowa. Idan ba a kashe ƙwayar da magani ba, jiki kan tashi yaƙarta, a garin haka ya far wa gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru. Wannan shi ne babban abin da ke lalata bawul ga matasa a ƙasashenmu. Bawul ƙyaure ne mai buɗewa gefe ɗaya, zuciya na da guda 4, nata da ya lalace shi ne mitiral, wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu.

Wata uku na yi ina jinyarta, makonnin farko a Yamai, sauran a gidanmu a Tawa. Abin da zan zayyana shi ne abin da likitoci suka ɗora mu a kai da wanda muka koya da kanmu, wani da daɗi, wani da kuka. Inda maganar likitanku ta saɓa da tawa, ku bi tasa, shi ya buɗe ƙirjin. Aikin mai jinya dai biyu ne: ƙashin da aka tsaga, wanda ke haɗewa cikin watanni, da jinin da za a yi ta sa wa ido. Kusan duk wata matsalar da muka samu kuwa ta hannun masu ƙaunarta ta shigo.

Kafin ku fita daga asibiti

Kada murnar sallama ta sa ku fita hannu biyu. Ku karɓi rahoton aikin a rubuce, da katin bawul mai ɗauke da irinsa da lambarsa, da ordinansi, da karnen da ake rubuta sakamakon awon jini. Ku tsayar da likita ku tambaye shi: wane bawul aka taɓa, gyara shi aka yi ko canzawa, in canzawa ne na ƙarfe aka sa ko na nama? Na ƙarfe yana daɗewa ƙwarai, amma mai shi zai sha maganin hana jini gudajewa iya rayuwarsa. Na nama, wanda ake yi daga jikin dabba, galibi watanni 3 ake shan maganin a daina, sai dai yana tsufa, bayan shekara 10 zuwa 15 akan sake shi, ga matashi ma yakan gaji kafin nan. Ku tambayi adadin INR (awon da ke nuna saurin daskarewar jini) da ake so a tsaya a kai, ranar awo na gaba, da lambar wayar da za a kira idan sakamako ya fito. Ku ɗauki hoton takardun nan duka da waya, ku tura wa mutum biyu cikin dangi ta WhatsApp. Wanda aka yi wa aikin a waje, Tunusiya ne ko Maroko ko Turkiyya, ya kai takardunsa wurin likitan zuciya a Yamai cikin makon da ya sauka, domin wannan likitan ne zai ci gaba da shi.

In ku mutanen Tawa ne, kada ku yi gaggawar kama hanya. Daga Yamai kilomita kusan 550 ne ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, wuni guda cikin kar, ga ramuka. Mu mun sauka gidan wata gwaggonmu har sai da aka cire zaren ɗinki, awon jini kuma ya daidaita sau biyu a jere. Ranar tafiya, mara lafiya ya rungume ƙaramin matashi a ƙirji, ya sauka ya ɗan taka duk inda aka tsaya, kada a bar shi ya taɓa jaka ko da ta hannu ce mai nauyi. An iso tasha, taksi ko motar gida, ban da kabu-kabu.

Gyaran ɗaki

Mai kwana kan tabarma ko katifa a ƙasa sai ya dafa da hannu kafin ya miƙe, wannan dafawar kuwa ita ce ba a so. A samo gado mai tsayin da in ya zauna tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa, a tara masa matasai a baya, a ɗaura sange. Makonnin farko rigingine ake kwana. Wajen tashi, ya juya kan gefensa, ya sauke ƙafafu, ya rungume matashi, nauyin ƙafafun ya taimaka masa ya zauna. Mai jinya ta tallafe shi ta baya, kada ta ja shi da hannu kamar mai ciro guga.

Abin da ba wanda ya faɗa mana sai da muka ci karo da shi: salga. Tsuguno da miƙewa ba tare da dafa bango ba wuya ne ga wanda ya yi kwanaki a kwance. Wani kafinta muka sa ya huda tsakiyar kujera, muka riƙa ɗora ta a kan ramin. Haka wurin wanka, a ajiye kujera 'yar doguwa. Kuma a kula da taurin bayan gida, domin maganin ciwo da rashin motsi suna kawo shi, yunƙuri kuwa yana matsa ƙirji. Gwanda, lemo, wake da ruwa suna taimakawa, in ya ƙi a faɗa wa likita.

Ƙashin ƙirji

Don a kai ga zuciya, tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji ake yi daga sama zuwa ƙasa, a gama a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe da ke zama a jiki har abada. Karaya ce sosai, sai dai ba a iya ɗaure ta da karan dawa. Tana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ta kama, wata 3 kafin ta yi ƙwari. A tsawon makonnin nan na farko ba a ɗaukar abin da ya wuce kilo 5.

Kilo 5 a takarda kamar da yawa, a tsakar gida ba komai ba ne. Buta cike da ruwa ta halatta. Bokiti bai halatta ba, bidon mai lita 25 kuwa ko tura shi da ƙafa ba na so in gani. Daka, tuƙin tuwo, jan ruwa a rijiya, shara da gajeriyar tsintsiya, wanki da matse zane, faskare, ture moto, riƙe akuya, duk a haƙura. Mafi wuya ga ƙanwata shi ne ɗanta mai shekara 2. Ba goyo, ba ɗauka. Sai dai ta zauna a ɗora mata shi a gefen cinya, da matashi tsakaninsu saboda kan yaro ba shi da birki. Ya yi kuka, ita ma ta yi, muka daure.

Tari, atishawa da dariya, duk a rungume matashi tukuna. In aka ji ƙashin na motsi, ko yana ƙaras-ƙaras idan an juya, wannan ba ƙarar bawul ba ce, a koma asibiti. Kada mai ɗori ya taɓa, kada a yi gashi da ruwan zafi. Ciwon kafaɗa da na tsakanin allon baya ya zama ruwan dare bayan wannan aiki, parasetamol ne maganinsa, kada ya wuce giram 3 a wuni, in kuma ana sha kullum a sanar da likita don yana iya taɓa awon jini. Tuƙin mota sai bayan mako 6 da izinin likita, moto da aikin gona ko dako sai an cika wata 3 an sake dubawa.

Rauni

Idan likita ya ba da izinin wanka, ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar turare sun isa. A bar ruwan ya gangara a kan ɗinkin, kada a cuɗa da soso, a tsane da tawul mai tsabta ta hanyar dannawa a hankali. Ruwa mai zafi irin na wankan jego yana sa jiri. Ba man kaɗanya, ba man shanu, ba zuma, ba hoda, ba garin wani icce, har sai fata ta rufe ruf. A lokacin zafi gumi na taruwa a wurin, musamman ga mata, don haka riga mai laushi ta auduga, a canza ta in ta jiƙe. Rigar mama marar ƙarfe tana rage jan da nauyin nono ke yi wa ɗinkin.

Kowace safiya mai jinya ta duba wurin da hasken rana, ba da tocilan ba. Ƙaiƙayi, ɗan kumburi a saman ɗinkin da rashin jin taɓi a fatar gefe ba abin tsoro ba ne. Ja mai yaɗuwa, zafi, ruwa ko mugunya, ko bakin rauni ya buɗe, wannan na asibiti ne a ranar. Mai ciwon sukari ya ninka kula.

Numfashi da tafiya

In an ba ku na'urar nan mai ƙwallaye a ciki, ya riƙa jan numfashi da ita sau 10 kowace awa in yana farke. Babu ita, ya ja iska ta hanci har ƙirji ya cika, ya riƙe kaɗan, ya saki a hankali. Wannan ke buɗe huhu ya fitar da majina.

Kwanciya wuni guda ba jinya ba ce, ko da Inna ta ce haka. Makon farko minti 5 zuwa 10 a tsakar gida, sau 3 a rana. Kowane mako a ƙara kaɗan, har wajen mako na 6 ya kai minti 30 a tafiya ɗaya. Ma'auninsa magana: in yana iya tafiya yana hira, daidai ne, in magana ta gagara ya tsaya. A watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, bayan sallar asuba ko gab da magariba ake fita. A hunturu a rufe hanci saboda ƙura, don tari azaba ne ga sabon ɗinki. A nemi ƙasa mai tauri, rairayin Tawa yana cin ƙarfin mai lafiya ma. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku sayi sikelin awon nauyi da ma'aunin zafin jiki. Kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, ya hau sikeli a rubuta. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 2 ko 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa, musamman in ƙafafu sun kumbura ko kwanciya rigingine na hana numfashi. Mai shan maganin fitsari irin Lasilix kuma, in zafi ya tsananta ko gudawa ta kama shi, jiki na iya bushewa, jiri ya biyo baya. A tambayi likita yawan ruwan da ya dace a sha.

Jini: nan ne aikin yake

Jini na son daskarewa a kan duk abin da ba na jiki ba. In guda ya taru a kan bawul ɗin ƙarfe, ko ya toshe shi, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Shi ya sa ake ba da maganin hana gudajewa. A nan an fi ba da Sintrom, wasu Coumadine ko Préviscan. Dukansu suna aiki ne ta hanyar rage wa bitamin K ƙarfi, shi ne abin da hanta ke amfani da shi wajen haɗa sinadaran daskarar da jini. Magani ya yi kaɗan, guda ya taru. Ya yi yawa, jini ya tsinke ya yi ta zuba. Ido ba ya gane inda aka tsaya, sai awon da labo ke rubutawa TP/INR.

INR ɗin mai lafiya wajen 1 ne. Mai bawul ɗin ƙarfe na awotik, wanda ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, galibi ana son nasa tsakanin 2 da 3, mai mitiral tsakanin 2.5 da 3.5. Da farko ana awo sau ɗaya ko biyu a mako, in ya zauna a riƙa tazara, amma ko ya shekara yana daidai kada a wuce wata guda ba a auna ba. Duk lokacin da aka canza yawan magani, ko aka fara wani sabo, ko aka yi rashin lafiya, a sake awo cikin 'yan kwanaki. A lizimci labo ɗaya in da hali, na babban asibitin jiha ne ko wani amintacce.

Ga tsarin da ya yi mana aiki. Awo da safe, sakamako da rana, a tura wa likita hotonsa, ya faɗi abin da za a sha a daren. Don haka ne ake shan maganin da dare, lokaci ɗaya kullum. Mu mun ɗaura shi da sallar isha'i, muka sa ƙararrawa a waya biyu. Ƙwayar Sintrom mai miligiram 4 tana da tsaga kamar kuros, ana karya ta gida 4, likita zai ce rabi, ko kashi 3 cikin 4, wani lokaci yau kaza gobe kaza. A rubuta a karne, a yi alama bayan an haɗiye, ba kafin ba. In an manta aka tuna cikin awa 8, a sha. In ya wuce haka a bar na ranar, a rubuta, a faɗa wa likita. Ba a taɓa haɗa na kwana biyu. Kada a bari kwali ya ƙare kafin a nemi wani, kullum a samu na wata guda a ajiye, a wuri mai sanyi-sanyi nesa da rana da hannun yara. In farmasi ta ce babu, ga makamancinsa, kada a karɓa sai likita ya yarda. Sababbin magungunan nan da ba sa buƙatar awo, irin su Xarelto, ba a ba mai bawul ɗin ƙarfe su.

Yanzu ga abin da ya same mu. Wata maƙwabciyarmu, mace mai kirki, ta ji an ce ƙanwata ta yi ƙarancin jini. Sai ta shiga aiko da dambun zogale da kwaɗo kullum, kwano cike, wai yana ƙara jini. Mu ma muka ce Allah ya saka da alheri, tunda ga abin da take iya ci bayan makonni ba ta son ƙanshin komai. Kwana 10 ana haka. Ranar awo INR ya faɗo daga 3 zuwa 1.6. Likita ya tambaye ni a waya, "Hajiya, me kuka canza a tukunya?" Sai da ta yi kwanaki ana yi mata allura a fatar ciki kafin ya koma daidai.

Ganye kore cike yake da bitamin K: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, lalo, kuka, kabeji, salad. Ba a ce a daina ba, wanda ya hana Bahaushe miyar kuka ai ya hana shi tuwo. Abin da ake so shi ne daidaito. In miyar kuka ce kullum, ta ci gaba da zama kullum, likita zai daidaita magani a kanta. Abin gudu shi ne a yi wata ba ganye sannan a wayi gari ana cin kwano guda, ko akasin haka, kamar yadda cimarmu ke juyawa tsakanin damina da rani. Garin zogale da ake sha a matsayin magani kuwa a bar shi gaba ɗaya.

'Yan dubiya da abin da ke aljihunsu

Dubiya lada ce, ba mai hana ta. Amma makonni biyun farko ɗaki ya riƙa cika da mutum 15, ana ta "ya jiki, ya jiki", mara lafiya na ƙoƙarin tashi zaune ga kowane babba, ba zai yiwu ba. Baba muka sa ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa a madadinta, ana shiga da bayan la'asar kawai, biyu-biyu. Mai mura ko tari ya yi addu'arsa daga bakin ƙofa. Ɗan abin da aka ajiye na dubiya, jika ɗaya ne ko biyu, mun zuba shi a gwangwani daban, kuɗin awo da na Sintrom ke nan.

Kowane mai dubiya likita ne. Wani kawunmu ya ji tana kukan baya, ya zaro ƙwayoyi daga aljihu: "Ɗiyata, sha wanga, shi nika sha in na dawo gona." Diklofenak ne. Da shi da ibuprofen da aspirin da duk haɗin "maganin gajiya" na kan tebur suna iya sa mai shan Sintrom zubar jini a ciki. Aspirin sai in likitan zuciya ne ya rubuta da kansa. Flagyl da Bactrim, da ake sha kamar gyaɗa in ciki ya ɓaci, suna harba INR sama. Man bakin nan Daktarin haramun ne gare shi. Maganin tarin fuka mai rifampisin kuma kashe ƙarfin Sintrom yake yi. Saiwoyi, sassaƙe, jiƙo da haɗe-haɗen 'yan kasuwa, ba wanda ya san abin da za su yi wa awo, a karɓa a yi godiya a ajiye. Addu'a da tofi ba su da illa, a yawaita.

Wanzami ma a ba shi haƙuri: ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba cire haƙori a gida. Aski da inji, ba da aska ba. Allura cikin tsoka tana iya tara jini a wurin, duk majo ko ma'aikacin da zai yi ta a nuna masa karne tukuna.

Gishiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen miya, kanwa, yaji, kilishi da burodi. A ɗebar masa miyarsa kafin a zuba dunƙule, a ƙara albasa da tumatir. Yana buƙatar nama, ƙwai, kifi, wake da nono don rauni ya cike, kaɗan-kaɗan sau da yawa in ba ya jin yunwa. Shayi mai kauri da goro a rage in suna sa bugun zuciya. Taba da shisha an rabu ke nan.

Zazzaɓi da haƙori

A wurinmu duk zafin jiki sunansa masassarar cizon sauro. Ga mai sabon bawul kuwa yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jini ta zauna a kan bawul ɗin, ciwo mai kisa in aka yi sake. Zafi ya kai digiri 38, a tafi asibiti, a yi gwajin cizon sauro, a kuma faɗa da baki cewa akwai bawul. Kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ɗebi jini, yana ɓoye ƙwayar a kasa gano ta. Ko gwaji ya nuna cizon sauro ne, in zazzaɓi bai sauka ba bayan magani a koma.

Baki shi ne babbar ƙofar waɗannan ƙwayoyi. Buroshi mai laushi safe da dare, asuwaki a tauna shi ya yi taushi sosai, likitan haƙori sau 2 a shekara. Kafin cire haƙori ko wanke dasashi ana ba da amoksisilin giram 2 awa ɗaya kafin aikin ga wanda jikinsa ke karɓarsa, kuma ba a dakatar da Sintrom don cire haƙori sai da umarnin likitan zuciya. Wanda ciwonsa ya faro daga maƙogwaro irin na ƙanwata, akan ci gaba da ba shi penisilin shekaru masu yawa bayan aikin, allura duk mako 3 ko 4 ko kuma ƙwaya, likita ne zai zaɓa. Tun daga lokacin, yaro ya ce maƙogwaro da zazzaɓi a gidanmu asibiti ake kai shi, an daina kiran mai cire beli.

Salla, azumi da zaman aure

Ruku'u da sujada suna sa a dafa ƙasa da hannu, don haka makonnin farko a kujera ake salla da ishara. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba da wannan sauƙi: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Azumi a watannin farko a ajiye shi a rama, Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame. A shekarun gaba in likita ya yarda, a auna INR kafin watan da kuma cikinsa, domin cima na canzawa.

Akwai kwanakin da za ta wayi gari tana kuka ba dalili, ko mantuwa, ko rashin barci, ko tsoron ƙarar bawul ɗin. Yana faruwa ga mutane da yawa, yakan wuce cikin makonni. Kada a ce mata rashin tawakkali ne. In ya zarce wata guda ko ta daina cin abinci, a faɗa wa likita.

Kusantar iyali galibi bayan mako 6 zuwa 8, ba tare da nauyi ya hau ƙirji ba. Maganar ciki kuwa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, zan faɗe ta ƙarara. Sintrom na iya lahanta ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, barin shansa kuma na iya kashe uwar. Ana iya haihuwa da bawul ɗin ƙarfe, amma shiri ake yi tun kafin a ɗauka, da likitan zuciya da na mata tare. A tafi da mijin ya ji da kunnensa, shi zai tare surutun dangi in sun fara ƙirga shekarun yaye. Ba kowane maganin tazarar haihuwa ne ya dace da ita ba, a bar likita ya zaɓa. Al'ada ta yi jinkiri, a yi gwaji nan take a kira likita a ranar, kada ta dakatar da magani da kanta. In jinin al'ada ya yi yawa fiye da da, shi ma abin faɗa ne.

Abin da ba a jira gari ya waye

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya mutu, magana ta sarƙe, ido ya daina gani ko da na minti kaɗan ne ya dawo. Numfashi ya ƙuntata farat ɗaya, ciwon ƙirji sabo, suma. Zuciya na gudu sama da 120 a minti alhali yana zaune, ko tana bugawa barkatai. Ƙarar bawul ta dusashe ko ta canza. Ciwon kai mai tsanani, ko faɗuwa aka bugi kai ko da ba a ga jini ba. Amai da jini, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta. Haɓo, wanda ke yawa a hunturu, a sunkuyar da kai gaba a matse hanci minti 10, in bai tsaya ba a tafi. INR ya haura 5, a kira likita kafin a sha na daren. Ku san tun yau motar wa za ku buga wa da ƙarfe 2 na dare, kuma katin bawul da karne su zauna cikin leda ɗaya a rataye bayan ƙofa.

Komawa Yamai

Ranar randebu akan yi eko, wato hoton zuciya, a duba ƙashi, a rage wasu magunguna. A tafi da karne, da takardar nauyin kowace safiya, da kwalayen duk abin da ake sha, da tambayoyi a rubuce, don gaban likita kai kan ɗauke. A kai kwana ɗaya kafin ranar, a yi awon jini da safe a shiga da sakamako a hannu. A tafi da maganin da zai wuce kwanakin tafiyar da mako guda, hanya ba ta da tabbas, kuma a sa shi cikin jakar hannu, ba cikin kayan da za a ɗaure a ƙarƙashin kar ba.